Haihuwa ta biyu: ki tafi gida wanka ko a kawo miki mai zama a ɗakinki?

Ƙanwar maigidana ce ta zo min jiya bayan la'asar, cikinta wata takwas, ga ɗanta na fari ya riƙe mata gefen hijabi ya ƙi saki, ko zama bata gama yi ba tace Anti dan Allah ki faɗa min tsakani da Allah, in na sauka gida zan tafi wanka ko in zauna a ɗakina a turo min wadda zata zauna da ni? Wai mijinta yana so ta zauna, Hajiya mahaifiyarta kuma tace ta taho, ita ta rasa wa zata bi. Mun daɗe muna magana har aka kira magariba, bayan ta tafi nace bari in rubuta abin da na faɗa mata da wanda lokaci bai bari na faɗa ba, dan na san ba ita kaɗai ce a cikin wannan ruɗanin ba. Ni dai duka biyun na yi. Ta farin a gidanmu a Yakasai cikin birnin Kano na yi wanka har na wuce arba'in da sati ɗaya, na biyun kuma a ɗakina a Rijiyar Zaki, tsakaninsu shekara biyu da wata huɗu.

Haihuwar fari ai ba a ma tambaya a garin nan, gida ake tafiya, wata tun cikin yana wata bakwai an zo an ɗauke ta goyon ciki, wata sai an sallamo ta daga asibiti, wata daren suna. Ta biyu ce ake ja-in-ja a kanta saboda mutane suna ganin ai kin riga kin iya, kin san wankan jariri kin san bada nono, me ya rage. Wallahi abin da ya rage yana da yawa. Gaskiya ne naƙuda ta biyu yawanci ta fi sauri, ni ta farin kwana na yi ina abu ɗaya, ta biyun kuwa daga lokacin da mara ta ɗaure sosai zuwa kukan jariri bai fi awa huɗu ba, shi yasa nake ce wa duk mai ciki na biyu kada ta tsaya jiran ciwo ya kai irin na wancan karon kafin ta nemi abin hawa. Amma ciwon cikin bayan haihuwa, wannan murɗawar da mahaifa take yi tana komawa mazauninta, ya fi tsanani a ta biyu, musamman in jariri ya kama nono, kwana biyu zuwa uku sai kin damƙe gefen katifa. Babu wanda ya gaya min wannan sai da na ji a jikina. Sannan wancan karon ke da jariri ne kawai, yanzu akwai wani ƙaramin mutum da har jiya shi ne jaririn gidan, yana so ki ɗauke shi, ki ba shi abinci da hannunki, ki wanke masa kashi, kuma bai san wani abu wai shi ɗinki ba.

Toh bari in fara da gida, dan ba zan ɓoye ba babu inda mai jego take hutawa kamar gaban uwarta. A Yakasai kafin a kira assalatu Umma ta hura wuta ta ɗora garwa, ina kwance zan ji ƙamshin ganyen darbejiya yana shigowa ta taga, ina fitowa daga wanka kunu yana cikin fulas, ga farfesu an ɗumama, ga yajin jego, jaririya an yi mata wanka an shafa mata mai an naɗe ta, nawa kawai in karɓa in bata nono in koma in kwanta. Ko tsinke ban ɗaga ba. Da daddare in ta yi ta kuka Umma ce zata karɓe ta ta saɓa a kafaɗa tana zagaye ɗaki, tace min ke kwanta. Wannan barcin na tsakanin sha biyu zuwa uku na dare da wani ya riƙe miki yaro ba a sayensa da kuɗi, kuma shi ne yake dawo da jiki, shi yake kawo ruwan nono, shi yake hana mace zama tana kuka ba ta san dalili ba. Kuma a gida ba kya jin nauyin kowa, in kina jin yunwa ki faɗa, in jini ya ɓata miki zane uwarki ce zata gani.

Amma gidan da kika je a haihuwar fari ba lallai shi zaki tarar a ta biyu ba, wannan shi ne abin da mata da yawa basa lissafawa. Uwa ta ƙara shekaru, wata ciwon ƙafa ya kama ta ko hawan jini, ƙannen da suke miki wanki sun yi aure ko sun tafi makaranta, ɗakin da aka ware miki an sa wa wani yaya amarya a ciki. Kuma yanzu ku uku ne zaku je ba ku biyu ba. Gidajenmu na cikin gari kowa ya san yadda suke, tsakar gida ɗaya banɗaki ɗaya, mutane a shige a fita tun safe har dare, 'yan barka kuwa a gidan iyaye sun ninka na gidanki dan duk wanda ya san Umma sai ya leƙo, kowa kuma sai ya ɗauki jariri, mai mura ya ɗauka mai tari ya ɗauka. Ɗan kwana uku bai da ƙarfin jikin da zai jure wannan, zazzaɓi kuma a jaririn da bai yi wata ba ba abin wasa bane, asibiti ake tafiya kai tsaye.

Abin da ya fi damuna da gida shi ne maganarki bata da nauyi. A can ke yarinya ce ko 'ya'ya goma kika haifa. Rana ta uku da haihuwar 'yata ta fari na ga farin idonta ya yi ɗorawa, na danna goshinta da yatsa wurin ya tashi rawaya, na faɗa, sai manyan da ke ɗakin suka ce shawara ce kowane jariri yana yi, a shanya ta a hantsi a jiƙa mata magani. Kunya ta hana ni musu, na yi shiru har washegari, sai da na ga ta rage kama nono tana ta barci nace a kira min babanta. A asibiti aka ɗibi jininta aka sa ta cikin wutar nan shuɗiya kwana biyu an rufe mata ido, nas ɗin ta gaya min shawara in ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa kuma in ta taɓa ba ta gyaruwa, ta kuma tambaye ni ko muna sa kafur a kayanta, ashe kafur ɗin nan da muke zubawa a akwati yana iya tayar wa wasu jarirai da shawara mai tsanani. Waɗanda suka ce a shanya ta ba mugunta suka yi ba, sonta suke, haka suka taso suka gani. Amma da a ɗakina nake da tun ranar na fita.

Haka maganar cibiya, asibiti sun ce man cibiya na kuloheksidin kawai za a shafa, a kiyaye kada ya kusanci ido, a gida kuwa sai an gasa da tsumma, wata ta ce man goge baki wata ta ce toka. Haka maganar ruwa, likitoci sun ce nono zalla wata shida, kakanni sun ce ina aka taɓa barin ɗan mutum ba ruwa a zafin Kano. Haka dakashi da wasu har yanzu suke cewa a matse a zubar alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Haka kwalli, haka kiran wanzami ya cire beli. Ko wanne daga cikin waɗannan sai kin tsaya kin yi gardama da wanda ya haife ki, a cikin gidansa, kina cin abincinsa. Wasu iyayen Alhamdulillahi sun waye, da kin ce likita ya hana shikenan, to ke kika san naki.

Sai kunun kanwa da ruwan wanka. Ni ba na cikin masu cewa a bar wankan jego, ruwa mai ɗumi sosai yana sakin jiki, na ji daɗinsa duka biyun. Amma tafasasshen ruwa da ake fyaɗa wa mace har fata ta saɓule ba shi da wani amfani, kuma mai hawan jini yana iya sa ta jiri ta faɗi. Kanwa kuwa ai gishiri ce, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da yake kama masu jego a ƙasar Hausa suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, kuma har yau likitocin zuciya a Asibitin Malam Aminu Kano suna ganin masu jego da wannan ciwon. In jininki ya hau lokacin ciki, ko ƙafa ta kumbura, ko kina haki in kin kwanta, ki ajiye kanwa ki sha kunun gyaɗa ko na tsamiya, kuma ki zaɓi wurin da in kin ce a'a za a ji.

Yanzu zaman ɗaki. Duk daɗinsa da wahalarsa yana wuyan mutum ɗaya ne, wadda za a kawo miki. Ni ƙanwar babanmu aka kawo min, Gwaggo, mace mai ƙarfi da bata da ƙananan yara a gabanta, ta zo da 'yar jakarta da carbinta ranar da aka sallamo ni. Tun daren farko na zaunar da ita na nuna mata man cibiya da katin asibiti nace Gwaggo ga abin da suka ce, ta jujjuya shi tace to ai ku ne 'yan zamani, Allah ya raya. Daga nan ba mu sake samun saɓani ba sai a kan ruwa, shi ma da ta ga yaron yana jiƙa famfas yana ƙiba sai ta bari. A ɗakina ni nake cewa wa zai shigo, na sa buta da sabulu a bakin ƙofa, banɗakina ni kaɗai, shiga ruwan ɗumi saboda ɗinki ko sau nawa nake so ba mai ƙwanƙwasa min ƙofa, gidan sauro a ɗaure, in dare ya yi gida ya yi tsit.

Amma fa gidanki gidanki ne, aiki yana ganinki kina ganinsa. Kwana biyar da haihuwa na tsinci kaina a kicin ina nuna inda ake ajiye daddawa, daga nuni na ɗauki ludayi, daga ludayi na tsaya har aka sauke tukunya, da daddare jini ya ƙaru bayana kamar zai balle. Baƙi in sun zo ke ce matar gida, ke zaki ce a kawo ruwa a kawo lemo. Maigida kuma da ya gan ki a tsaye sai ya ɗauka kin warke, ya fara tambayar ina hularsa ina wankinsa. Kuma in aka yi rashin sa'a aka kawo tsohuwar da ita ma kulawa take buƙata, ko 'yar yarinya da bata san komai ba sai waya, to kin haɗa jego da hidimar baƙo, gara ki tafi gida sau goma. In daga dangin miji za a kawo, ki tambayi kanki ko zaki iya kwanciya tana shara, ko zaki iya ce mata kina jin yunwa ƙarfe biyun dare. In amsar a'a ce to ba hutu zaki yi ba. Abin da ya fi aiki shi ne mutum biyu, babba mai wanka da kula da jariri, da matashiya mai wanki da girki da bin babban yaro, dan mutum ɗaya ba zai iya duka ba.

Babban yaron nan shi ne ya sa ni na zauna, kuma shi nake so kowa ta fi tunani a kai. 'Yata tana da shekara biyu da 'yan watanni, ta daina fitsarin kwance tuni, ana kawo ƙaninta ta dawo da shi, ta ce ita ma nono zata sha, in na ɗauke shi ta kwanta a ƙasa tana birgima. Wata rana na shiga banɗaki minti biyu, Gwaggo tana sallah, na fito na tarar ta hau gado ta gutsuro biskit tana tura masa a baki tana cewa ci, ci. Jikina har yanzu yana rawa in na tuna. Ba cutar da shi take son yi ba, kyauta take masa, amma daga ranar ban sake barinsu su biyu ba ko na ƙiftawar ido. A gidan iyaye wannan ya fi sauƙi ta wani ɓangaren, idanu sun yi yawa, ga yara 'yan uwa da zata shiga cikinsu ta manta da ke. Ta wani ɓangaren kuma a can ne kowa zai yi ta tsokanarta an yi miki ƙani an ƙwace miki Mama, manya suna dariya ita kuwa har zuciyarta take ji. A ɗakina gadonta bai canza ba, kofinta bai canza ba, babanta yana dawowa ya ɗauke ta su je shago, ni kuma in jariri ya yi barci bayan azahar sai in jawo ta jikina mu kwanta, in ce mata ke ce Yaya, miƙo min tawul ɗin ƙaninki. Cikin sati uku ta sauko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwashi babban a kai shi wani gida shi kaɗai ranar da aka kawo jariri ya yi wata bai ga uwarsa ba, ko a haɗa masa yaye da zuwan ƙani lokaci ɗaya, abin yana yi wa yaro yawa. In kuma ya fara nazire ko islamiyya a unguwarku to tafiya gida kwana arba'in tana nufin ko ya daina zuwa ko a riƙa jigila a adaidaita safe da rana.

Maganar kuɗi kada ma a yaudari kai wai tafiya gida sauƙi ce ga miji. Cefane zai kai, gawayi ko itace zai saya, kayan kunu, nama, ga kuɗin mota kullum, ga shi shi ma yana cin abinci a waje. A ɗakinki kuma akwai cin mai zama, da sallamarta ranar tafiya, atamfa da sabulu da abin da ya sawwaƙa na kuɗi, da gas da yake ƙarewa kamar ana zuƙa saboda dafa ruwa sau biyu a rana. In an auna kusan kunnen doki ne. Abin dubawa na gaske shi ne ruwa, jego ruwa yake ci, wankanki, wankan jariri, wankin zannuwa kullum, mu sai da muka koma sayen kura guda wajen 'yan garuwa duk bayan kwana biyu. Inda ruwa ya fi samuwa ya samu maki babba. Lokacin ma abin dubawa ne, in a sanyin Disamba da Janairu zaki haihu ɗakin da ya fi rufuwa kike so, amma kada a kunna gawayi a rufe ƙofa da jariri a ciki, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani. In kuma zafin Afrilu ne, inda ake samun wuta ko sola da fanka.

Sai nisan asibiti, wanda ni a wurina yana iya rushe duk sauran lissafin. Daga Yakasai Asibitin Murtala nan ne Ƙofar Mata, da ƙafa ma ana zuwa, daga Rijiyar Zaki kuwa sai ka biyo ta Kabuga, da rana ga cunkoso da tsakar dare ga rashin abin hawa. Mu akwai mota a gida kuma maigida yana kwana a gari shi yasa hankalina ya kwanta. Jini ya ɓalle, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi da wari a jinin biƙi, ko jariri ya ƙi nono, ya yi sanyi ƙalau ko zafi, yana numfashi da sauri, duk waɗannan ba sa jiran gari ya waye, kuma a satin farko zuwa na biyu aka fi ganinsu. In mijinki matafiyi ne ko mai aikin dare, ki tafi gida. In aiki aka yi miki aka ciro yaron, ki tafi inda ba zaki ɗaga komai da ya fi jaririn nauyi ba, kuma inda ba za a matsa miki da ruwan zafi a kan ɗinki ba, ga yawancin mata gida ne, ga wasu kuma ɗakinsu ne tare da uwarsu ta zo da kanta. Ma'aikatan gwamnatin tarayya maza tun 2021 aka amince musu hutun kwana 14 in matansu sun haihu, in naki yana ciki ya karɓa, ko riƙe babban yaro kawai ya yi ya rage miki rabin wahala.

Ko ina kika zaɓa ki riƙe katin rigakafi a jakarki. Na haihuwa, wato allurar BCG ta tarin fuka mai barin tabo a hannu da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta, a yi su tun kafin suna, ta hantar ma an fi so cikin awa 24. Na gaba sati 6 ne, sai 10, sai 14, sai wata 9, kinga na sati shida yana faɗowa daidai lokacin da ake haɗa kayan komawa ɗaki da yawon arba'in, a nan yara da yawa suke tsallake shi, kati yana wancan gidan uwa tana wannan. Ranar ce kuma ya kamata a duba ki ke ma, a auna jininki, ki yi maganar tazarar haihuwa. Dan masu cewa a tafi gida saboda gudun kwanika, kwana arba'in ba ya hana kwanika, shayarwa ma tana karewa ne kawai in yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada bata dawo ba.

Abin da na ce wa ƙanwar maigidana shi ne ita lafiyarta ƙalau a awo, mijinta yana gari, gidanta akwai rijiyar burtsatse, ɗanta kuma maƙale mata yake, dan haka in za a samu babbar mace mai ƙarfi da take jin maganarta ta zauna a ɗakinta, da sharaɗin sati biyun farko ko ƙofar kicin ba zata leƙa ba, kuma ta faɗa wa mijin wannan tun yanzu a gaban Hajiya. In ba a samu ba, ko haihuwar ta zo da tangarɗa, ta tafi gida ita da yaran duka biyu, ba dole sai arba'in ba, sati uku ma in jiki ya yi ƙwari ta dawo. Na kuma ce ta tsayar da wanda zai riƙe yaron daren da naƙuda zata tashi, dan ni a nawa sai maƙociya muka tasa ƙarfe ɗayan dare. Ta ce zata je gidan Hajiya ranar Juma'a ta tambaya ko Inna ƙanwar Hajiyar zata iya zuwa, in ta amince a fara gyara mata ƙaramin ɗakin.